Likitan dabbobi da farar saniyar ubansa

Na ga kina ta huci don sinadarin da kika yi oda bai iso ba, har kina cewa za ki ari na asibitin mutane. Zauna, malama, ki ji.

Akwai wani likitan dabbobi, ɗan makiyayi. Ubansa na da wata farar saniya mai tsagaggen kunne. Sau biyu ciwon huhu yana shiga garken yana kwasar shanu, ita ko tari ba ta taɓa yi ba, haka ma 'ya'yanta. Tsohon ya ce jininta daban ne. Ɗan ya so ya gani da idonsa. Kin dai san ƙwayoyin nan na cikin jini masu kashe cuta tun ba ta zauna ba, da sinadarin da ke manne musu su yi haske a na'ura. To, na shanu sai an yo odarsa daga waje, shi kuwa gogan naki ba shi da haƙuri. Ya aro wanda aka yi don jinin ɗan Adam, ya ɗiga a jinin saniya, ya leƙa. Duhu. Ya koma ruga da farar rigarsa ya ce, "Baffa, sa'a ce kawai, ba ta fi sauran da komai ba." Tsohon bai yi musu ba, ai shi ya kai yaron makaranta. Da rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, tsohon ya kaɗa saniyar kasuwa ita da 'ya'yanta karsana biyu, aka loda su a tirela sai Kudu.

Bayan wata bakwai na shanun da likitan ya yi oda ya iso. Ya gwada shi a ragowar jininta da ke firiza, ƙwayoyin suka haska, yawansu bai taɓa ganin irinsa a jinin wata saniya ba. Ashe na aron ne bai san jinin shanu ba. Ranar ya yi kuka. Da damina ciwon ya dawo, ya bar wa tsohon shanu tara cikin arba'in, amma tsohon bai taɓa ɗora wa ɗan laifi ba har ya rasu. Yau likitan ya yi furfura, amma kewar saniyar nan ba ta sake shi ba. Duk kasuwar da ya shiga sai ya bi ta kara, inda ake sayar da shanu, yana duban kunnuwan fararen shanu ɗaya bayan ɗaya.

Ki jira naki ya iso. Kayan aro ba ya rufe katara.