Rabin Takin da Ke Ɓacewa

"Ɓarawo kawai!" wani manomi ya daka wa ƙaninsa tsawa. "Kullum ka ciko tirela da taki, ka iso gona da rabi. Wa kake sayar wa?"

"Yaya, na ce ka sayi mai juye kaya, mai ƙofa gam. Ka ce wannan tsohuwar ta fi araha."

"Rufe min baki! Miƙo makullin tarakta, ka bar min gona."

Manomin ya ja taraktar da kansa yana huci. A wata kwana mai gargada maƙwabcinsa ya tare shi. Masarar maƙwabcin ta bakin hanya kore shar, ta fi mutum tsayi.

"Allah ya saka da alheri! Kar ka gyara ƙofar tirelar nan. Bana ko buhun taki ban saya ba."