Farantin da Alasdair Ya Saki

Morag ta kasa zama wuri ɗaya. Ita ke tantance 'yan wasa a gidan nishaɗin mahaifinta a Glasgow, kallo ɗaya take yi ta gane gwani, ta gane mai cika baki. Yau da hantsi wani dillali ya zo daga Landan neman gwanaye, sai Alasdair mai juya farantai a kan sanda ya saki ɗaya a gabansa, ya tarwatse. Baƙon ya ɗauki hularsa ya fita shan shayi.

Ta iske Alasdair a bayan labule yana tsince fasassun.

"Da gangan ka yi," in ji ta.

"Hannuna ne ya zame."

"Ƙarya kake! Na ga mawaƙa da masu tafiya kan igiya sun rikice a dandalin nan, amma kai ko da zazzaɓi hannunka bai taɓa rawa ba."

Ya ɗago ya dube ta, ya sake sunkuyar da kai. "In na tafi Landan, wa zai riƙa yi mini faɗa kullum?"

Ta je bakin ƙofa, ta dawo tana murza yatsunta.

"Sakarai kawai," ta ce a hankali. "Wa ya ce maka jirgin Landan mutum ɗaya yake ɗauka?"

"Morag... mahaifinki fa?"

"Bar ni da Baba. Ɗauko sababbin farantai, bari in dawo da mutumin nan. Ka kuskura ka sake sakin ɗaya, na rantse sai dai ka nemi wata matar."