Al'adar Iya Tabawa

Tun da aka kawo injin duba marasa lafiya mai magana asibitin unguwarmu, duk abin da yarinya ta faɗa masa sai ya aika shi wayar mahaifinta. Shi ya sa Rakiba ta ɓoye jinin al'adar da ya ƙi ɗauke mata, har ta soma ganin jiri.

Kakarta, Iya Tabawa, ta gane. Ta ja ta asibitin, ta zauna gaban injin da kanta.

"Ni ce ba lafiya. Al'adata ta ƙi tsayawa."

Injin ya ce, "A shekarunki, Iya? Sai likita ta gan ki yanzu."

Da likitar ta shigo, Iya ta rufe ƙofa, ta tura jikarta gaba.

"Faɗa mata, 'yar nan. Wannan kunnen ba ya kai wa ubanki."