Lamba Arba'in da Bakwai

"Farfesa, a ƙone duka?" in ji sakatariyarsa, tana jan kwalin tsoffin takardun tambayoyi.

"Ƙa'ida ce, shekara goma ta cika. Amma tsaya, ciro mini lamba arba'in da bakwai."

Wannan lambar ce ta yi masa suna. A bincikensa kan ciwon damuwa a tsakanin matan aure, ba a rubuta sunan kowa ba, sai lamba. Sakatariya ce ta buga amsoshin a kwamfuta, don haka bai taɓa ganin ainihin takardar ba. Amma ya haddace abin da matar ta rubuta: "Mijina yana sauraron kowa, ban da ni."

Da wannan maganar yake buɗe kowace lacca. Masana fiye da dubu sun kafa hujja da aikin. Har barkwanci yake yi: "Da zan ga mijin nan, shi zan fara ba wa gado a asibiti!" Sai jama'a su kwashe da dariya.

Sakatariya ta miƙo takardar. Ya karɓa ya duba. Ya san rubutun nan, shi ne a jikin kwalbar maganinsa: "Bayan cin abinci, Baban yara." Sai ya tuna shekarar da yake barin takardun a falo kafin ya raba su. Ashe matarsa ta ɗauki ɗaya ta cike.

Ya nemi kujera ya zauna.

Shekara goma matarsa tana zama a sahun gaba a wurin laccarsa. Duk lokacin da ya yi barkwancin nan, ita ke fara tafawa.