Kofin Rasberi da Kofin Sukari

"Kofi ai kofi ne!" in ji goggo, tana duban wata budurwa 'yar ɗan'uwanta. "Kofi ɗaya na wannan, kofi ɗaya na wancan, magana ta ƙare."

"Goggo, takardar girkin nan kilo ta ce, ba kofi ba."

"Takardar ce ta taɓa hura wuta? Tun ba a yanke miki cibiya ba nake tuƙa tukunyar biki."

Abin da ya haɗa su kwando ɗaya ne na rasberi, wasu jajayen 'ya'yan itace masu laushi, kowanne da rami a ciki kamar 'yar hula, waɗanda aka kawo tsaraba daga wata gona a kan tsaunin Jos. Gobe sunan ɗan yayar budurwar, kuma ita ta riga ta cika baki cewa baƙi za su ci burodi da wani maɗi mai kauri na shafawa da ba su taɓa lasa ba. Kwandon nan shi ke nan, in ya lalace babu na biyu, sai dai a miƙa wa mutane burodi gaya. Takardar girkin ta ce kilo na rasberi, kilo na sukari. Gidan kuwa ba sikeli, sai wani kofin roba mai karyayyen hannu. Da musu ya ƙi ƙarewa, goggo ta raba kwandon biyu, ta ja nata rabin tana tsaki, ta shiga zubawa kofi da kofi, kowanne da tozo.

Budurwar ta tsaya tana juya kofin a hannu. Can sai ta ɗauko muciya, ta ɗaura mata igiya a tsakiya, ta rataye a reshen gwaba, ta maƙala kwano biyu iri ɗaya, guda a kowane gefe, har suka daidaita. A ɗaya ta juye ƙullin sukarin da aka rubuta kilo ɗaya a jikinsa, tana aunawa: kofi biyar cif. A ɗayan ta dinga zuba rasberi. Kofi biyar, muciya ko gezau. Shida, shiru. Goggo ta leƙo ta ce ashe yanzu har muciya an sa ta a makarantar boko. Sai a na takwas muciyar ta miƙe sambal. Ashe rabin abin da kofin ke ɗauka iska ce, tsakanin 'ya'yan da kuma cikin ramukansu. Ta ɗora tukunya da takwas da biyar, tana juyawa, har maɗin ya yi ja wur yana bin cokali a hankali.

Da safe baƙi suka yi ta shafawa suna lashe yatsa, wata tsohuwa har ta roƙi a ɗan sa mata a leda. Aka je ɗauko tukunyar goggo don a ƙara, aka tarar sukari ya yi mata yawa ta daskare kamar daɓe, ludayi tsaye a tsakiya. Mata biyu suka ja, tukunyar ta taso tare da shi. Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa na yayen yaron ne," ta ce. "Kafin nan ya yi laushi."

Dama Hausawa sun faɗa: kama da wane ba ta wane.