Awa Bakwai Zuwa New York

"Awa shida kacal zuciya take jurewa bayan an cire ta daga ƙirji," in ji likitan. "Daga nan Anchorage zuwa New York kuwa tafiyar awa bakwai ce a jirgin sama."

Matar ta dubi ƙanenta. Ƙwaƙwalwarsa ta mutu tun ranar da motarsa ta kife a ƙanƙara, inji ke masa numfashi. Jininsa ɗaya da na mijinta, wanda ya shekara biyu a New York yana jiran a dasa masa zuciya.

"Haba likita, awa ɗaya fa! Ku ce wa matuƙin ya ɗan taka mana."

"Baiwar Allah, jirgi ba tasi ba ne. A mace za ta isa."

Ta sa hannu, aka kai zuciyar Seattle, ga wani da ba za ta taɓa sanin sunansa ba.

Bayan jana'iza ta hau jirgi ta kama hanyar gida, New York. Suna tashi sai matuƙi ya yi magana cikin raha: "Jama'a, yau kun taki sa'a. Iska na bayanmu, cikin awa biyar da minti hamsin za mu sauka."

Jirgin ya kaure da tafi. Ita ma ta tafa, don na kusa da ita yana kallonta.