Garwashin Malam Sallau

Tun da ƙaramar hukumar Tudun Marke ta fara sayar wa ƙasashen waje tsabtar iskarta, asibiti bai sake rasa wuta ba, kowane gida ya samu murhun hasken rana. Sharaɗin guda ne: kowane gida ya hura garwashi sau ɗaya tak a shekara.

Inna Lantana kuwa ta ƙone rabonta tun da damina, wajen yi wa mijinta hayaƙin mura. Ga shi yau za a kai 'yarta Zinatu, ɗaki ba turaren wuta.

Da nauyin baki ta yi sallama a gidan maƙwabcinta, tsohon mai tsire.

"Malam Sallau, naka yana nan?"

"Na ajiye wa naman layya, Lantana." Ya sosa gemu. "Amma amarya ta shiga ɗaki yana warin fenti? Haba! Bana na ci dafaffe."

Suka je gindin falwaya, ya dangwala yatsa a na'urar da ke sansanar hayaƙin unguwa, ya mayar wa Lantana rabonsa. Na'urar ta juyo da kai, ta daɗe tana kallonsu, sannan jar fitilarta ta koma kore.

Da la'asar ana turara kayan ɗakin amarya a gidan Lantana, ƙamshi ya tsallako katanga. Sallau ya jawo kujerarsa jikin bango, ya lumshe ido.

"Lantana! A ƙara turaren, garwashina ne!"